Duniya Makaranta: Bindigar Da Ta Fi Ƙarfin Kafaɗa

 

A wannan makon za mu yi tafiya mai nisa, mu leƙa gaɓar tekun Ingila da ta Amurka, mu koma baya fiye da shekara 100, don mu ga wata irin bindiga da aka ƙera saboda farautar agwagin ruwa. Girmanta ya kai yadda babu ƙaton da zai iya saɓa ta a kafaɗa ya harba. Sai dai a girke ta a cikin kwale-kwale kamar igwa. Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da bindigar Turawan da suka daɗe da mutuwa? A yi haƙuri a bi mu sannu. A cikin labarin nan akwai lissafi, akwai kimiyya, akwai tarihi, kuma ƙarshensa zai dawo da mu gida, har bakin fadamar Haɗeja da Nguru.

Mu fara da lissafi

Duk wanda ya taɓa jin hirar maharba ya ji ana cewa bindiga kaza mai lamba 12 ce. Yawancinmu za mu ɗauka cewa mai lamba 12 ta fi mai lamba 8 girma, tunda 12 ya fi 8. Ba haka ba ne. Abin a juye yake, kuma ga dalili.

Maƙeran Turai na dā ba su da kayan awo masu kyau irin na yau, sai suka ɓullo da dabara. Sukan ɗauki dalma mai nauyin laba ɗaya, wato giram 454, su raba ta gida-gida daidai wa daida, su mulmula kowane kaso ya zama ƙwallo. Idan aka raba ta gida 12, kuma ƙwallo ɗaya ya cika bakin bindiga cif, to wannan bindiga lambarta 12. Idan kuwa sai an raba ta gida 4 kacal kafin a sami ƙwallon da zai cika bakin, lambarta 4 ke nan. Kun ga, duk sa'ad da lamba ta yi ƙasa, ƙwallon ya ƙara girma, bakin bindiga ya ƙara faɗi. Kamar dai a raba ƙosai ne: idan mutum 4 suka raba kwano ɗaya, rabon kowa ya fi na mutum 12.

Ku ɗauko biro ku gwada. Giram 454 a raba gida 12, ya ba mu wajen giram 38. A raba gida 8, wajen giram 57. A raba gida 4, ya haura giram 113. Faɗin bakin mai lamba 12 kimanin milimita 18 da rabi ne, na mai lamba 8 ya ɗan wuce milimita 21, na mai lamba 4 kuwa yana wajen santimita 2 da rabi.

Sai dai a lura, wajen farautar tsuntsu ba ƙwallo ɗaya ake zubawa ba. Ƙananan ƙwayoyin dalma ne masu yawa, kamar ƙwayar dawa, waɗanda in an harba sai su bazu a iska. Saboda haka faɗin baki yana nufin yawan ƙwayoyi, yawan ƙwayoyi kuma yana nufin yawan tsuntsayen da harbi ɗaya zai kayar. Ku riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin labarin duka.

Mai lamba 12 ta yau da kullum nauyinta bai fi kilo 3 da ɗoriya ba. Mai lamba 4 takan ninka wannan har fiye, kuma ita ce kusan iyakar abin da ɗan Adam zai iya ɗagawa ya harba daga kafaɗa. Daga nan kuma sai wadda muka zo dominta.

Igwa a cikin kwale-kwale

Turawan Ingila suna da wani ɗan jirgi mai shafaffen gindi da suke kira punt, wanda ke iya tafiya a ruwan da bai kai gwiwa ba. Daga sunansa bindigar ta samo nata. Mu a nan za mu kira ta bindigar kwale-kwale.

Tsawon wasunsu ya kai mita 3. Nauyinsu ya kai na buhun siminti, wasu sun fi. Faɗin bakin manyan cikinsu ya kai inci 2, wato santimita 5, kamar bututun ruwa. A harbi ɗaya takan watsa ƙwayoyin dalma masu nauyin kusan rabin kilo. Na farko-farko ta baki ake ɗura su, a zuba albarushi, a danna tsumma, a zuba dalma, a sake dannawa, kamar yadda maharbanmu suke yi wa bindigar toka. Idan aka dace da garken agwagi sun taru wuri guda a kan ruwa, harbi ɗaya yana iya kashe 50, wani lokaci fiye.

To yaya ake saita abin da ba a iya ɗagawa? Ba bindigar ake juyawa ba, jirgin ake juyawa. Maharbi zai kwanta rubda ciki a bayan bindigar, ya zura hannuwansa ta gefe riƙe da 'yan gajerun filafilai, ya riƙa turawa a hankali ba tare da ruwa ya yi motsi ba. Jirgin a shafe yake da fenti ruwan toka don ya saje da hazo, kuma bai fi taƙi ɗaya ko biyu a saman ruwa ba. Ana yin wannan aiki ne da asuba, ko da almuru, ko cikin farin wata, a tsakiyar hunturun Turai, lokacin da ruwa ke daskarewa a jikin tufafi. Mutum zai iya shafe awa guda yana rarrafe da jirgi, saura ƙiris ya isa inda harbi zai kai, sai agwagwa ɗaya ta ɗaga kai ta yi kuka, garken duka ya tashi. Shi ke nan, wahalar dare ta tafi a banza.

Ga kuma abin da malamin kimiyya ya koya mana. Dokar Newton ta uku ta ce duk abin da ya tura wani abu, shi ma ana tura shi baya da ƙarfi daidai da wanda ya yi turin. A ɗauka dalma rabin kilo ta fita da gudun mita 300 a daƙiƙa ɗaya. Rabi sau 300 ya ba mu 150. Idan bindigar kilo 50 ce kuma ba a ɗaure ta ba, za ta zaburo baya da gudun mita 3 a daƙiƙa, wato 150 a raba da 50. Ku ƙaddara buhun siminti ya taso muku da gudun mai sassarfa ya daki kafaɗa. Shi ya sa ake ɗaure bindigar da igiya mai kauri a jikin goshin jirgin, yadda turin zai watsu a kan jirgin duka. Idan jirgi da mutum da bindiga sun haɗa kilo 300, sai gudun ya ragu zuwa rabin mita a daƙiƙa, jirgin ya ɗan sulala baya a kan ruwa, maharbi ya tsira da ƙashinsa. Waɗannan alƙaluma misali ne muka kafa don a gane, amma dokar ita ce dai wadda ke cikin littafinku.

Sana'ar tana da haɗari ƙwarai. Ruwan teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a yini, wanda bai san lokacinsa ba sai ya maƙale a taɓo ko igiyar ruwa ta ja shi. Jirgin ba ya jure iska. Wani lokaci kuma bindigar da kanta ke tsagewa idan an cika mata albarushi.

A Ingila, talakawan gaɓar teku da na yankin fadamun gabashin ƙasar ne suka fi yin ta, don ciyar da iyali a lokacin da kamun kifi ya yi wuya. Amma akwai masu hali da suka ɗauke ta abin sha'awa. Fitacce a cikinsu shi ne Kanar Peter Hawker, wanda ya wallafa littafin koyar da matasa harbi a 1814, kuma ya sa aka ƙera masa bindigar kwale-kwale mai baki biyu da nauyinta ya wuce kilo 80.

Da kasuwa ta shigo

A Amurka ne abin ya zama babbar harka. A gabashin ƙasar akwai wani makeken mashigin teku da ake kira Chesapeake, tsakanin jihohin Maryland da Virginia. Kowace shekara idan sanyi ya tsananta a Kanada, agwagi da dinyoyi sukan kwararo kudu su sauka a nan. Inda kogin Susquehanna ya faɗa cikin mashigin, akwai wata ciyawar ruwa da wata agwagwa mai suna canvasback take ci, kuma wannan ciyawa ce ke sa namanta daɗi. Manyan gidajen abinci na New York da Baltimore da Philadelphia suka riƙa rububinta, attajirai suna biyan kuɗi mai tsoka.

Kafin wannan lokaci, maharbi ba ya kashe abin da ya wuce na tukunyarsa da na maƙwabta, domin nama ba ya jira, ruɓewa yake yi. Abubuwa biyu suka sauya wannan a ƙarni na 19: jirgin ƙasa da ƙanƙara. Yanzu ana iya harbe agwagwa da dare, a danna ta cikin ganga da ƙanƙara, washegari tana kan teburin birni. Tunda akwai mai saye ko nawa aka kawo, iyakar da ciki ya kafa ta faɗi. Maharba suka riƙa haɗa jirage da yawa su jeru, su harba lokaci guda, a kwashe tsuntsaye ɗaruruwa a fita ɗaya. Ba a bar su ba ko da bazara, lokacin da suke shirin komawa arewa su yi ƙwai.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani irin na 'yan kasuwa. Garken tsuntsaye kamar jari ne. Iyayen su ne uwar kuɗi, 'ya'yan da suka tsira kowace shekara su ne riba. Agwagwa takan yi ƙwai wajen 8 zuwa 12, amma ba duka ke ƙyanƙyashewa ba, kuma ba duk 'yan tsakin ke kai wa girma ba. Idan mutane suka tsaya ga cin riba, garke zai dawwama. Ranar da suka fara cin uwar kuɗi, ribar baɗi za ta ragu, ta baɗin waccan ta ƙara raguwa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, a shekarun farko sama tana nan cike da tsuntsaye, kowa yana ganin ba za su taɓa ƙarewa ba.

Akwai kuma wata matsala. Tsuntsun da ke tashi a sama ba na kowa ba ne. Idan maharbi ɗaya ya ji tausayi ya ajiye bindigarsa, agwagwar da ya bari maƙwabcinsa ne zai harbe ta ya sayar. Saboda haka ko wanda ya ga haɗarin da idonsa ba ya ganin amfanin dainawa shi kaɗai. Kowa yana gaggawar ɗibar rabonsa kafin wani ya riga shi.

Amurkawa ba su farga ba sai da suka yi rashi. Wata agwagwar teku da ake kira ta Labrador ta ɓace daga duniya, ba a sake ganinta ba tun wajen 1878, kodayake masana suna ganin ba farauta kaɗai ta gama da ita ba. Amma abin da ya fi girgiza su shi ne wata kurciyar daji da a dā take yawo a garken da ke rufe rana, yawanta ya kai biliyoyi. Da raga da bindiga aka riƙa kwasar ta ana aikawa birane a taragun jirgi, ana kuma sare dazuzzukan da take kwana. Ta ƙarshe, wadda aka sa wa suna Martha, ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati ranar 1 ga Satumba, 1914. Daga biliyoyi zuwa babu, cikin abin da bai wuce rayuwar mutum ɗaya ba.

Doka ta shiga tsakani

Jihohi sun fara haramta manyan bindigogin tun cikin ƙarni na 19, amma abin bai yi tasiri sosai ba, domin tsuntsu bai san iyakar jiha ba, kuma ana iya harbi a nan a sayar a can. A 1900 majalisar tarayya ta yi dokar da ake kira da sunan ɗan majalisa John Lacey na jihar Iowa, wadda ta hana tsallaka iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1916 Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Birtaniya, a madadin Kanada, don kare tsuntsaye masu ƙaura. A 1918 aka mayar da ita doka. Aka hana saye da sayar da waɗannan tsuntsaye, aka ƙayyade watannin farauta, aka kuma hana farautarsu da bindigar da ta fi mai lamba 10 faɗin baki. Har yau wannan ƙa'ida tana nan. Jihar Missouri ta kai ƙara tana cewa tarayya ta shiga hurumin da ba nata ba, amma a 1920 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar.

Ku lura da abin da ya fi muhimmanci a ciki. Hana babbar bindiga ya taimaka, amma hana sayarwa shi ne ya kashe sana'ar. Idan babu mai saye, wa zai kwana cikin ƙanƙara don agwagwa 100 da ba zai iya cinyewa ba?

Adalci ne mu faɗi ɗaya ɓangaren. Yawancin maharban nan ba azzalumai ba ne. Masunta ne talakawa da suka gaji sana'ar daga iyayensu, da ita suke sayen abinci da itacen jin ɗumi. Attajiran da suka ci naman a birni ba su yi asarar komai ba, wasunsu ma suka ci gaba da farautar nishaɗi a filayensu. Talakan bakin ruwa ne ya wayi gari sana'arsa ta zama laifi. Shi ya sa wasu suka ƙi miƙa bindigoginsu, suka riƙa nutsar da su a ruwa da rana, su tsamo da dare, jami'an gandun daji suna binsu shekara da shekaru. Darasin da ke nan shi ne, dokar da ta hana mutum abincinsa ba tare da ta nuna masa wata hanya ba, takan daɗe ba ta zauna ba. Wasu daga cikinsu sun sami mafita: suka koma ja-gorar masu farautar nishaɗi, wasu suka koma sassaƙa agwagin katako da ake jerawa a ruwa don yaudarar na gaske. Garin Havre de Grace na Maryland ya yi suna a wannan sassaƙa, har da gidan tarihi na musamman dominta.

Bayan haka kuma sai aka gane cewa hana harbi kaɗai bai isa ba. A shekarun 1930 an yi mummunan fari a tsakiyar Amurka da Kanada, tafkunan da agwagi ke ƙyanƙyasa suka ƙafe, ga kuma manoma sun riga sun tsane fadamu da yawa sun mayar gonaki. Sai a 1934 aka ɓullo da wata dabara: duk mai shekara 16 zuwa sama da ke son farautar tsuntsayen ruwa, dole ya sayi wani kan sarki na musamman kowace shekara. Na farko dala 1 ne, kuma wani mai zanen barkwanci a jarida, Jay Darling, shi ya zana shi. Kusan duk kuɗin ana zuba su ne wajen saye da kare dausayi, kuma zuwa yanzu an kare fili kusan eka miliyan 6 ta wannan hanya. A 1935 aka ƙara da cewa bindiga ba za ta ɗauki harsashi fiye da 3 ba. Sannu a hankali tsuntsaye da yawa suka farfaɗo. Wata kyakkyawar agwagwa mai sheƙa a kogon bishiya, wadda aka yi tsoron za ta ɓace, an rufe farautarta daga 1918 zuwa 1941, yau kuwa tana cikin waɗanda suka fi yawa a gabashin ƙasar.

Ingila ta bi wata hanya

A Birtaniya ba a hana bindigar kwale-kwale gaba ɗaya ba. Dokar 1981 ta ce faɗin bakinta kada ya wuce inci ɗaya da kashi uku cikin huɗu, wato wajen santimita 4 da rabi. Akwai kuma lokaci: daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Janairu a cikin ƙasa, a bakin teku kuma har 20 ga Fabrairu. Masu yin ta yau 'yan ƙalilan ne. Akwai kuma masu sha'awar tsofaffin bindigogi masu lamba 8 da 4, wasu an ƙera su tun zamanin Sarauniya Victoria, suna fita da su farautar dinya, su harba sau ɗaya ko biyu, sau da yawa su dawo hannu rabbana. A ƙauyen Cowbit na yankin Lincolnshire kuwa, tun 1897 al'adarsu ce su jera waɗannan bindigogi su harba sama duk lokacin naɗin sarauta ko bikin cikar shekarun mai mulki, kamar yadda 'yan bindiga suke yi a hawan salla.

Akwai mutum ɗaya da ya kamata ku san sunansa, Peter Scott. Mahaifinsa shi ne Kyaftin Robert Scott, wanda ya mutu a ƙanƙarar Antaktika a 1912 yana dawowa daga ƙuryar kudancin duniya. Peter ya taso yana farautar agwagi da dinyoyi, har da irin wannan bindiga ta kwale-kwale. Yawan kwanton ɓauna da ya yi ya sa ya san halin tsuntsayen fiye da kowa, sanin kuma ya jawo ƙauna, har ya ajiye bindiga ya koma zana su da nazarinsu. A 1946 ya kafa cibiyar kare tsuntsayen ruwa a Slimbridge, a 1961 kuma yana cikin waɗanda suka kafa asusun kare namun daji na duniya, WWF. Wannan ya nuna mana cewa maharbi da mai kare tsuntsu ba lallai ne su zama abokan gaba ba. Sau da yawa mutum ɗaya ne, shekaru ne suka raba.

Gubar da ta rage a taɓo

Akwai ɓarnar da ba a gani da ido. A cikin ɗaruruwan ƙwayoyin dalma da ake watsawa, kaɗan ne ke samun tsuntsu. Sauran suna nutsewa a taɓo. Agwagwa ba ta da haƙori, tsakuwa take haɗiya ta tara a ƙundunta don niƙa abinci. Sai ta tsinci dalma a zaton tsakuwa ce, ƙundu ya niƙe ta, guba ta shiga jini, tsuntsun ya rame ya mutu a ɓoye cikin ciyawa. Gaggafar da ta ci gawar ita ma ta kamu. Saboda haka Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991, Ingila ta kafa nata takunkumin a 1999, Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da ita a dausayi daga 2023. Masu tsofaffin bindigogi sai suka koma amfani da wani ƙarfe mai laushi da ake kira bismut, domin ƙwayoyin baƙin ƙarfe suna lalata musu bututu. Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba. A 2010, yara fiye da 400 ne suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dalma da ke cikin duwatsun zinariya. Ƙarfen da ya kashe su shi ne dai wannan.

Mu dawo gida

Yanzu ga inda labarin ya shafe mu. Ba duk tsuntsayen da muke gani a fadama da hunturu ne 'yan gida ba. Kirinjijiya da dinya namu ne na Afirka. Amma akwai wata 'yar ƙaramar agwagwa da Turawa ke kira garganey, nauyinta bai kai rabin kilo ba, wadda ke ƙyanƙyasa a Turai da Rasha, sannan ta ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara ta zo ta yi hunturu a Tafkin Chadi da fadamun Haɗeja da Nguru. Ba ita kaɗai ba, baƙi irinta dubbai ne. Idan an kare ta a can aka gama da ita a nan, ko aka kare ta a nan aka gama da ita a can, duk ɗaya ne. Wannan ne ya sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na Iran a 1971, kuma Tafkin Nguru ne wuri na farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashinta. A Dagona ta jihar Yobe ma akwai wurin da aka keɓe don tsuntsayen ruwa.

Mu ba mu da bindigar kwale-kwale, amma tambayoyin da suka fuskanci mutanen Chesapeake suna gabanmu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Manoma da masunta da makiyaya da tsuntsaye duk ruwa ɗaya suke jira. Ku tambayi kakanninku yaushe rabonsu da ganin gauraka a fadama, tsuntsun da a dā kowane yaro ya san rawarsa. Amsar da za su ba ku ita ce ma'aunin uwar kuɗin da muka riga muka ci. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba muna cewa farauta laifi ba ce. Sana'a ce ta iyaye da kakanni, kuma maharban ƙwarai suna da ƙa'idojinsu. Abin da muke cewa shi ne, a san lokacin da za a ɗaga wa tsuntsu ƙafa, a bar mai ƙwai da mai 'ya'ya, kada a zuba guba a ruwa ko a hatsi don kamun banza, kuma a kula da fadamar kanta. Bindiga kuwa, kowace iri ce, ba abin wasan ɗalibi ba ce, kuma mallakarta ba tare da lasisi ba laifi ne a dokar ƙasa. Makamin da muke so ku riƙe shi ne ido da littafin rubutu.

Aikin wannan mako

Na ɗaya: idan bindiga lambarta 20, giram nawa ne nauyin ƙwallon dalmar da zai cika bakinta? Ta fi mai lamba 12 faɗi ko ba ta kai ba?

Na biyu: ku sami dattijo ɗaya a unguwarku ya lissafa muku sunayen tsuntsayen ruwa da ya sani yana yaro, ku rubuta, sannan ku sa alama a kan waɗanda kuka taɓa gani da idonku.

Na uku, don muhawara a aji: idan za a hana wata sana'a saboda kare tsuntsaye, wa ya kamata ya ɗauki nauyin waɗanda suka rasa abin yi?

Ku aiko mana da amsoshinku tare da sunan makaranta da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi gamsarwa. Kada kuma a manta, ranar 2 ga Fabrairun kowace shekara ita ce ranar dausayi ta duniya. Ku roƙi malamin kimiyya ya fita da ku bakin tafki ko kududdufi mafi kusa ku ƙirga abin da ke wurin.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A yi karatu lafiya.